Kirista Ba Duka Ne Ɗaya Ba

Sau da yawa mutumin Jiwa yakan ji a rediyo cewa wata majami'a a Amurka ta ɓullo da sabon abu, sai ya dubi maƙwabcinsa Kirista da zargi. Wannan kuskure ne, gama Kirista sun rarrabu kan yadda za a fahimci Littafi Mai Tsarki.

Masu sassaucin ra'ayi suna fassara shi gwargwadon zamani. Masu matsakaicin ra'ayi suna riƙe da aƙida, amma suna yarda a yi muhawara. Masu ra'ayin riƙau, kamar ECWA da Angilikan ta Nijeriya, suna tsaye kan koyarwar magabata. Masu tsattsauran ra'ayi kuwa, waɗanda suka yi tashe a Amurka wajen 1910, kowace kalma a zahirinta suke ɗauka.

A 2003 majami'ar Episcopal ta Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop, alhali yana zaune da namiji a matsayin masoyinsa. Daga nan Abuja, Akbishop Peter Akinola ya yi tir, Angilikan ta Nijeriya ta yanke hulɗa da ita.

Saboda haka, kafin a yanke wa maƙwabci hukunci, a tambaye shi abin da majami'arsa ke koyarwa.