Dajin Gundumi Amana Ce A Wuyanmu

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya tashi a ƙasar Isa ko Sabon Birni ya san sunan Gundumi. A 1853 Baturen nan matafiyi, Barth, ya ratsa wannan daji kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya yini ya kwana yana tafiya bai iske gari ba. Dattawanmu kuwa har yanzu suna ba da labarin barewa da gada da zabin daji da suka taras a cikinsa. Yau masu gawayi da masu sabon sassabe sun cinye gefunansa, 'yan bindiga kuma sun mai da cikinsa maɓoya.

Lalle ya kamata mu fahimci cewa namun daji ba su san iyakar gandun gwamnati ba. Suna gangarawa fadamun Bunsuru da Gagare neman ruwa, suna fakewa cikin itatuwan gonakin jama'a. Idan mai gona ya tumɓuke kowane kututture, ya haɗiye burtali, to, dokar gandun daji ta zama takarda kawai. Dabba ta rasa mafaka, makiyayi ya rasa hanya, fitina ta sami ƙofa.

Mu dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. Tun wajen 1984 manomansu suka fara barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, suna rage rassa, suna renon masu ƙarfi. Sassabin zamani suke kiransa. An ƙiyasta cewa ya farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar. Asirinsa ɗaya ne: manomi ya tabbata itacen nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba.

Keɓe ƙasa domin amfanin kowa ba baƙon abu ba ne gare mu. Halifa Umar, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe makiyayar Rabaza, kakanninmu sun san hurumi, kuma Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965.

Saboda haka muna kira ga sarakunanmu da ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni: da zarar ƙura ta lafa, a sake shata burtali da hurumi, a tabbatar wa manomi mallakar itacen gonarsa. Kai kuma mai gona, bar tsiro goma a bana, jikokinka su sha inuwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.