HAMADA TANA DA ƘAFA NE?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin yau ina da magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da malamanmu na zaure, a kan wata kalma guda wadda ta yi wajen shekara 90 tana yawo a takardun hukuma. Kalmar nan kuwa ita ce "kwararowar hamada," waɗansu kuma su ce "gurgusowar hamada." Mun ji ta har kunnenmu ya saba, ba mu ko tsayawa mu dube ta. To, jama'a, mu dube ta yau. Ruwa shi ke kwararowa, mutum ko dabba shi ke gurgusowa. Yaushe rairayi ya sami ƙafa? Malaman balaga sun san sunan wannan dabara, isti'ara su ke ce mata, watau a ari halin wani abu a yafa wa wani. Aron nan ba laifi ba ne, da shi magana ta ke yin armashi. Amma wanda ya karɓi rigar aro, sau da yawa ya kan karɓa har da abin da ke cikin aljihunta bai sani ba.

Ga asalin maganar. A shekarar 1934 wani Bature mai suna Stebbing, shehun malamin ilmin gandun daji a jami'ar Edinbara, wanda ya daɗe yana aikin daji a ƙasar Indiya, ya zo ya zaga Afirka ta Yamma. Ya ratsa Nijeriya ta Arewa da kudancin ƙasar Nijar, kuma da rani ya zo. Kowa ya san kamannin ƙasarmu da rani: gonaki fayau, kara a tsaye, ƙura ta rufe sama. Baƙon da bai ga damina ba, in ya ce ƙasar ta mutu, ba a ce ya yi ƙarya da gangan ba. Da ya koma, a 1935 ya yi lacca gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa a Landan, ya kira Sahara da sunan da ma'anarsa ita ce mai cin iyaka, a 1937 kuma ya fitar da littafi a kan barazanarta.

Ku lura da gwanintar mutumin. Bai tsaya ga cewa itatuwa sun ragu a wuri kaza, ko rijiya kaza ta ƙafe ba, gama irin wannan magana mai sauraro ya kan gyaɗa kai ne kurum ya wuce. Sai ya mai da hamada abokiyar gaba, mai niyya, mai inda ta dosa. Cin iyaka kuwa, ko a wajenmu, magana ce da ke kai maƙwabta gaban alƙali, balle ga masu mulki waɗanda ba abin da su ke tsaro kamar iyakar mulkinsu. Sa'an nan ya siffanta tafiyarta da cewa a ɓoye ta ke, ba motsi, ido ba ya iya kama ta. A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi duka ƙarfi. In an ce maka maƙiyinka ba ya ganuwa, to da me za ka yi musu? In ka ce kai ba ka ga kome ba, sai a ce ai dama an gaya maka ba a gani.

Bayan siffa sai ya kawo lissafi, ya ce hamadar tana cin wajen kilomita 1 kowace shekara, kuma ta yi shekara 300 tana haka. Mu akawuna mun fi kowa sanin kwarjinin lamba. Da zarar an rubuta ta a takarda an buga hatimi, wanda ya zo baya kwafe ta zai yi, ba zai tambayi wanda ya riƙe igiyar awo ba. Kuma lamba mai "kowace shekara" tana da wani sihiri: tana sa mai karatu ya ɗauki alƙalami ya ninka da kansa, ya ga ranar da rairayi zai iso ƙofar gidansa. Tsoron da mutum ya lissafa da hannunsa ya fi wanda aka ba shi labari kama zuciya. Sa'a kuma ta taimaki Stebbing, gama a shekarun nan ne guguwar ƙura ta ke kwashe ƙasar noma a tsakiyar Amurka, jaridun Turai cike da labarinta. Masu sauraronsa sun riga sun tsorata tun bai buɗe baki ba.

To, in akwai yaƙi, dole a nemi wanda ya buɗe wa maƙiyi ƙofa. Aka ce manomi ne mai sassabe da ƙona daji, da makiyayi da awakinsa. In kuma akwai yaƙi, maganinsa ganuwa da dakaru. Saboda haka shawarar da ya bayar ita ce a kafa ɗamarar daji doguwa, hukuma ta tsare ta. Kun gani ke nan, kalmar ita ta zaɓi mai laifi, ita kuma ta zaɓi magani, tun ba a gama bincike ba.

An kuwa yi binciken. Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana, suka bi iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Suka ce ba su ga shaidar hamada tana tafiya ba; tuddan rairayin da suka gani yawancinsu tsofaffi ne, ciyawa ta riga ta ɗaure su. Amma sun ce lalle akwai wuraren da ƙasa ta gaji saboda yadda a ke aiki da ita. Wannan magana ta fi ta farko kusa da gaskiya, sai dai ba ta da kirari. Wa zai tsaya a dandali ya yi shelar "ba a sami shaida ba"? Aka ajiye rahoton a kabad, maganar cin iyaka ta ci gaba da tafiyarta. Ita kam tana da ƙafa.

Da aka yi babban farin nan na 1968 zuwa 1974, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu, sai tsohuwar siffa ta dawo da sabuwar lamba. A 1975 wani masani mai suna Lamprey ya duba arewacin Sudan daga jirgin sama, ya gwada abin da ya gani da taswirar 1958, ya ce hamada ta ci kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, watau kamar 5 da rabi a shekara. Lambar nan ta zaga duniya. Abin da ba a faye faɗi ba shi ne, taswirar farko an yi ta ne a zamanin ruwa mai albarka, kallon na biyu kuwa a bayan fari. Kamar a auna mutum ran da ya tashi daga jinya ne, a gwada da nauyinsa na ranar angwanci, a ce ga yadda ya ke ramewa kowace shekara. A 1991 masana a Amurka, da hotunan tauraron ɗan'adam, suka nuna cewa bakin Sahara na kudu ya matso wajen kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, sa'an nan da ruwa ya samu a 1985 ya koma arewa wajen kilomita 110. Ashe ba tafiyar mayaƙi ta ke yi ba, shiga da fita ta ke yi bisa ga damina, kamar gaɓar kogi. Mu ma nan muna da tamu lambar, mita 600 a shekara, wadda a kan ji a jawabin ranar dashen itatuwa. In kun ji ta, ku tambaya a hankali: a ina aka auna, daga wace shekara zuwa wace?

Kada wani ya ce akawu ya ce ba kome. Haba! Wanda ya je Yusufari a jihar Yobe ya ga tuddan rairayi sun tasam ma dabino da gonakin kwari, ba zai yarda da wannan ba. Tafkin Chadi, da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ƙanƙance ƙwarai a shekarun fari. Ciwon yana nan. Kuma dole in yaba wa masu zuga da abu guda: ba don sun kambama maganar ba, da wuya a yi taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Nairobi a 1977, ko a ƙulla yarjejeniyar 1994. Mai kuka a hankali ba a cika kawo masa ɗauki ba. Inda na ke da ja shi ne, ciwon a warwatse ya ke, gona nan, makiyaya can, bakin rijiya can, kowanne da dalilinsa, alhali siffar ta ce daga arewa ya ke tahowa a sahu guda.

Shi ya sa da shugabannin Afirka suka amince da babban shirinsu a 2007, sunan ganuwa suka ba shi: itatuwa a jere, faɗin kilomita 15, tsawon kusan kilomita 8,000, daga Dakar har Jibuti. Suna ne mai daɗin ji, musamman ga wanda ya tashi yana ganin badalar Kano. Amma ganuwa ba ta tsare gida daga gara. Rahoton 2020 ya nuna abin da aka farfaɗo a yankin bai wuce hekta miliyan 4 ba, daga miliyan 100 da aka yi niyya, kuma masu shirin da kansu sun bar zancen layi guda, sun koma ga gyaran ƙasa wuri wuri, ko da ya ke sunan yana nan.

A ƙasar Maraɗi kuwa wata siffa dabam ce ta yi aiki. A 1983 wani mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan ya sha ganin dashe yana mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da a ke sarewa kowace bazara lokacin sharar gona, irin su kalgo da sabara, toho ne na kututturan itatuwa masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Ya kira abin dajin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ku auna wannan da maganar Stebbing. Waccan ta ce abu yana zuwa, ku ji tsoro. Wannan ta ce abu yana nan, ku tono. A waccan manomi shi ne mai laifi, a wannan shi ne mai dukiya. Aikin kansa ba sabo ba ne, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse saura. Wahalar ita ce, an riga an saba da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, wanda ya bar kalgo kuwa rago ne. Sai aka sa wa aikin suna sassaben zamani, aka ɗauki kalmar da manomi ya sani, aka jingina ta da wadda ke kawar da kunya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya, da irin kiwon gawo da mutanen Damagaram ke yi, wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa kamar miliyan 200.

Ba suna kaɗai ya yi wannan ba. Tun dokar daji ta Faransa ta 1935 itace ya zama kamar na hukuma ko da a gonarka ya tsiro, kuma ba mai renon abin da za a ci shi tara a kansa; sai da aka sassauta wannan, har dokar 2004 ta zo, mutane suka saki jiki. Ruwa ma ya ɗan dawo bayan 1984. Dajin ƙarƙashin ƙasa kuma yana da iyakarsa, gama inda garma ta tumɓuke kututture, ko inda rairayi ya riga ya tashi kamar na Yusufari, ba abin da zai toho, sai a kafa shinge a tsai da rairayin tukuna, sa'an nan a yi dashe.

Ni ne naku,
Akawu.