Cinikin Wayar Salula: Wa Ke Riƙe da Mudu?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi domin sayen hatsi ya san yadda ake awo. Mai awo yakan cika tiya a gaban mai saye, ya yi mata tozo, ya juye a buhu, su biyun suna ƙirgawa. Idan saɓani ya taso, ga tiya ga hatsi, ga kuma Sarkin Kasuwa da zai raba gardama. To amma akwai wani ciniki da muke yi kullum safe da yamma wanda mai saye ba ya ganin mudu, ba ya ganin abin da aka auna masa, ba ya kuma ganin fuskar mai awon. Wannan shi ne cinikin katin waya da data. Manomi a Kutawa zai loda katin naira ɗari biyar da dare, gari ya waye ya tarar an rage, bai kira kowa ba, bai kuma san wanda zai tambaya ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne: muddin mudu yana hannun kamfani shi kaɗai, to nauyin bayani da na biyan diyya yana wuyansa, kuma malamin makaranta yana da rawar da zai taka wajen ganin jama'a sun san haƙƙinsu.

Waiwaye

Kafin shekarar 2001, layukan wayar tarho da kamfanin NITEL ke gudanarwa a duk faɗin Nijeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba, kuma akasarinsu a manyan birane suke. A watan Janairun 2001 Hukumar Kula da Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, sannan a watan Agusta na shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A wancan lokaci layi kaɗai yakan kai dubban naira, kira kuwa naira 50 ne a kowane minti. Ko da mutum ya ce “salamu alaikum” layi ya katse, kuɗin cikakken minti za a cire masa.

Jama'a sun yi ta kiran a riƙa lissafi da daƙiƙa, kamfanonin suna cewa lokacin hakan bai yi ba tukuna. Da kamfanin Globacom ya shigo a watan Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa, ba a daɗe ba sauran suka bi sahu. A ranar 19 ga Satumba na wannan shekara kuma ɗimbin masu waya suka kashe wayoyinsu domin nuna ɓacin rai kan tsada da rashin ingancin sabis. Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu da gasa ta shigo kasuwa, jama'a kuma suka haɗa kai. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A shekarar 2025 yawan layukan da ke aiki a ƙasar ya haura miliyan 160. Waya ta zama asusun banki, ta zama rumfar kasuwa, ta zama ɗakin karatu. Saboda haka abin da ake yi wa mai waya a yau ya fi na jiya taɓa rayuwarsa.

Ire-iren Koke-koke

Koke na farko shi ne cire kuɗi ba da yardar mai layi ba. Ana turo saƙo da Ingilishi ana tallar waƙar kira, ko sakamakon ƙwallo, ko wata gasa, a ce a danna lamba kaza. Wanda bai iya karatun boko ba, ko yaron da aka ba waya ya riƙe, sai ya danna. Daga nan aka ɗaura masa wani tsari mai sabunta kansa, a riƙa zare masa naira ashirin ko hamsin har ranar da Allah ya haɗa shi da wanda zai cire masa. Kuɗin kaɗan ne ga mutum ɗaya, shi ya sa ba wanda zai biya kuɗin mota zuwa Katsina domin bin kadinsu. Amma idan aka tara na miliyoyin mutane, dukiya ce mai yawa.

Na biyu shi ne batun data. Ɗalibi zai sayi ta wata guda, ta ƙare cikin kwana goma, ba a nuna masa inda ta tafi ba. Wani kuwa tasa ba ta ƙare ba, wa'adi ne ya cika, sauran ta bi ruwa idan bai sabunta da wuri ba. Akwai kuma garaɓasar da ake tallatawa da babbar murya, sharuɗɗanta kuwa a rubuta su da ƙananan baƙaƙe: ba ta aiki sai da tsakar dare, ko kuma kuɗin kira a kanta ya ninka na asali.

Na uku shi ne rashin sabis, kuma a nan mutanen yankinmu sun fi kowa sanin zafin abin. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari da Ɗanmusa. Sai wajen ƙarshen shekarar aka fara maido da sabis. A tsawon waɗannan watanni, mai son kiran ɗan'uwansa sai ya yi tattaki zuwa garin da ba a rufe ba. Masu sana'ar cire kuɗi da tura su suka rasa abin yi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka yanke da iyayensu. Gaskiya ne umarnin hukuma ne, kamfanoni ba su da zaɓi. Amma tambaya tana nan: wanda ya sayi datar wata guda ana gobe za a rufe, a wane dalili za a ƙirga masa kwanakin da babu sabis a cikin wa'adinsa?

Hanzarin Kamfanoni

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Kamfanonin suna cewa yawancin turakunsu da injin janareta suke aiki saboda rashin wutar lantarki, man dizal kuwa kullum tashi yake yi. Na'urorinsu da dala ake sayo su, darajar naira kuma ta faɗi ƙwarai tun daga shekarar 2023. Masu aikin hanya suna tsinke musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ɓarayi suna sace batura, gwamnatoci a matakai daban-daban suna ɗora musu haraji, wasu turakun ma ba a iya kai musu mai saboda rashin tsaro. Irin waɗannan dalilai ne suka sa NCC ta amince da ƙarin kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, inda saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6.

Haka kuma ba kowace asara ce laifin kamfani ba. Wayoyin zamani suna sabunta manhajojinsu a ɓoye, bidiyo yana buɗe kansa a Facebook da TikTok, wanda kuma ya ci bashin kati jiya ya manta sai ya ga an cire yau ya yi ta faɗa.

Duk da haka, waɗannan dalilai hujja ce ta tsadar kaya, ba su halatta tauye mudu ba. Ɗan kasuwar da hatsi ya yi wa tsada a Dawanau yana iya ƙara farashin tiya, kowa ya ji ya saya ko ya bari. Abin da al'ada da shari'a suka haramta masa shi ne ya bubbuge gindin kwanon a ɓoye. Malaman fiƙihu sun shimfiɗa cewa ciniki ba ya inganta sai da yardar juna, kuma sai an san kaya an san farashi. Yardar da aka samu ta hanyar saƙon da mutum bai fahimta ba, da wuya a kira ta yarda.

Abin da Doka Ta Tanada

Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa NCC alhakin kare masu amfani da waya, kuma hukumar ta taɓuka. A shekarar 2012 ta ci tarar MTN da Glo da Airtel da Etisalat jimillar naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin sabis. A 2013 ta fito da tsarin da mutum zai iya ƙaura zuwa wani kamfani da lambarsa. A 2016 ta samar da lambar 2442, wadda ake tura mata kalmar STOP domin tsayar da saƙonnin talla. A 2023 ta daidaita gajerun lambobi a duk kamfanoni: 300 domin magana da ma'aikatan kamfani, 310 domin duba kuɗi, 323 domin duba data, 305 domin tsayar da tsare-tsaren da ke cin kuɗi. Wanda ya kai kuka ga kamfani bai gamsu ba, yana iya kiran hukumar kyauta a kan 622, ya ba da lambar shaidar ƙorafin da kamfanin ya ba shi. A 2025 kuma ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a idan an sami babbar katsewar sabis, su kuma biya diyya idan abin ya wuce sa'o'i 24.

Tanadi ne mai kyau, sai dai yana da giɓi biyu. Na ɗaya, tara baitulmalin gwamnati take shiga, wanda aka cuta ba ya ganin ko kwabo. Na biyu, mutum nawa ne a Kutawa ko Karofi ko Shema suka taɓa jin labarin 622? Haƙƙin da mai shi bai sani ba tamkar gadon da aka binne ne ba a gaya wa magada ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shawarwari

Da farko, a wajabta wa kamfanoni gabatar da sharuɗɗan kowane tsari da Hausa, a rubuce da kuma ta murya, kafin a cire ko sisi. Kamfanin da ya iya tallata hajarsa da Hausa a gidajen rediyo ba shi da uzurin ɓoye sharaɗi a cikin Ingilishi. Na biyu, kada wani tsari ya sabunta kansa sai an sake tambayar mai layi. Na uku, duk ranar da babu sabis a wani yanki, kowane ne sanadi, a tsayar da ƙirgen wa'adin data, a maido wa mutane kwanakinsu ba tare da sun roƙa ba, domin na'urorin kamfani sun san turken da ya mutu da layukan da ke ƙarƙashinsa. Na huɗu, a riƙa ba mai layi cikakken lissafin abin da ya kashe kyauta duk lokacin da ya nema.

Sai kuma mu malamai. A yawancin ƙauyukanmu malamin firamare ake kai wa takardar asibiti da wasiƙar banki ya karanta, shi kuma ake miƙa wa waya a ce, “Malam, duba mini, kuɗina suna tafiya.” Ya kamata ɗalibin da ke shirin zama malami ya san waɗannan lambobi kamar yadda ya san jadawalin darussansa. Yana iya mayar da batun darasi: a darasin rubutun wasiƙa ya sa ɗalibai su rubuta takardar koke mai ɗauke da kwanan wata da adadin kuɗin da aka cire da lambar shaida, a darasin fassara ya kawo saƙon talla na gaske su mayar da shi Hausa, su gano inda tarkon yake, a darasin lissafi su auna abin da naira 20 a kullum take zama a shekara, wato naira 7,300. Yaron da ya koyi wannan zai kai shi gida.

Kammalawa

An ga yadda cinikin waya ya bambanta da na kasuwa ta fuskar awo, da yadda koke-koken jama'a suka ta'allaƙa a kan cire kuɗi ba izini da ƙarewar data da rashin sabis. An kuma ga cewa kamfanoni suna da matsaloli na gaske, amma matsalar ɗan kasuwa ba ta ɗauke masa wajibcin cika mudu. Haƙuri halin kirki ne, sai dai yin shiru a kan cuta yana ƙarfafa mai yin ta. Wanda aka cire wa naira hamsin ba bisa ƙa'ida ba ya kira 300, ya karɓi lambar shaida, in ba a share masa hawaye ba ya kira 622. Malamin da ya koya wa ajinsa wannan hanya ya yi wa garinsu aikin da Sarkin Kasuwa yake yi a bakin rumfar masu awo.