Salansar Ranar Gwaji

A Ingila, duk babur ɗin da ya shekara 3 tilas ne a kai shi gwajin lafiya kowace shekara, kuma salansar da aka rubuta a jikinta cewa ba ta hawa titi ba ce, ba ta cin gwajin. Sai masu son ruri suka ɓullo da dabara: ranar gwaji su mayar da matoshin salansa, su karɓi takarda, da komawa gida su zare shi.

A ganinmu wannan ha'inci ne, ko da an buga masa hatimi. Takarda ta shaidi babur na sa'a ɗaya, majinyaci da ɗalibi mai bitar jarrabawa kuwa su sha ƙara shekara guda cur. Muna kira ga hukuma ta riƙa auna ƙarar a bakin titi, ba tare da sanarwa ba.