Littafin Ɗan Kasuwa Ma Makaranta Ne

A wannan wata za mu taɓo kukan da muke yawan ji daga samarinmu da ƴan matanmu da suka gama jami'a, a nan Maraɗi ko a Yamai, suna neman aikin nazarin bayanan kasuwanci. Duk sanarwar da suka gani daga banki ko kamfanin waya, sai ta ce ana son wanda ya taɓa yin aikin. To, wanda ba a taɓa ɗauka ba, ina zai samo wannan ƙwarewa?

Da farko dai mu fayyace aikin, domin iyaye da yawa sun ɗauka gyaran kwamfuta ne. Mai wannan aiki yana tattara lissafin saye da sayarwa, ya tace shi, ya jera shi, sa'an nan ya gaya wa mai dukiya abin da lissafin ke nunawa: wane kaya ke tafiya, wane ke kwana a sito, wa ke biyan bashi a kan lokaci. Kayan aikinsa su ne Excel, da harshen SQL na tambayar rumbun bayanai, da irin su Power BI da kamfanin Microsoft ya fito da shi a 2015, wanda ake iya sauke na kwamfuta kyauta. Waɗannan ana koyonsu cikin ƴan watanni, in akwai naci da wutar lantarki.

Abin da ba ya koyuwa a aji shi ne yadda lissafin gaske yake zuwa a hargitse. Saboda haka shawararmu ita ce yaro ya nemi wani ɗan kasuwa cikin dangi, mai hatsi ko mai albasa ko mai kantin magani, ya roƙi a ba shi littafin shekara guda ya shigar a kwamfuta ba tare da ya nemi ko dala ba. Nan zai ga abin mamaki. Zai tarar an rubuta "ɗari biyu", alhali jaka guda ake nufi, tun da mu da dala muke ƙirga kuɗi, dala kuwa faran 5 ce. Wanda bai lura ba, lissafinsa zai kasa da ninki biyar, kuma kwamfuta ba za ta ce masa uffan ba. Zai ga Tasawa a wani shafi, Tessaoua a wani, na'ura ta ɗauke su garuruwa biyu. Zai ga gero da tiya a nan, da buhu a can, kuma buhun ma ba kowa ke cika shi daidai ba. Ga kayan da aka saro da naira ta hanyar Jibiya aka sayar da sefa, ba a rubuta canjin ranar ba. Ga bashin da Alhaji ya riƙe a ka. Warware irin wannan shi ne mafi yawan aikin, ko a babban kamfani, kuma a kansa ne mai ɗaukar ma'aikata zai yi tambaya.

Kada a raina amfanin abin. Wata masaniya ƴar Amurka, Jenny Aker, ta yi nazarin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Labarin farashi kawai ya yi wannan, balle a ce an zauna an tsara shi.

Wanda bai sami littafin kowa ba, akwai farashin hatsi da hukumar SIMA ke tattarawa a kasuwanninmu, akwai kuma ƙididdigar hukumar INS. Sai ya ɗauki tambaya ɗaya tak, misali yadda gero ke tashi daga kaka zuwa tsakiyar damina, ya amsa ta a shafi guda da zane ɗaya ko biyu. Mu malamai mun san ɗalibin da ke cika takarda da launuka don ya ɓoye rashin amsa. Masu ɗaukar aiki ma sun san shi.

Sai batun amana, wanda a ganinmu ya fi duk sauran nauyi. Littafin ɗan kasuwa asirinsa ne. Kafin yaro ya nuna aikinsa a wani ofis, lalle ya nemi izinin mai shi, ya goge sunayen masu bashi, ya sauya adadin jarin. Kuma ya roƙi Alhaji ya sa hannu a ƴar takarda mai cewa wane ya yi mini aiki kaza daga wata kaza zuwa wata kaza, domin ita za a haɗa da takardar jami'a ranar neman aiki ko neman gurbin koyon aiki.

Ga iyayenmu ƴan kasuwa kuma, in yaro ya zo da wannan roƙo, a fara ba shi littafin bara, wanda cinikinsa ya riga ya wuce.