Kafin a sayar da ranar Tamale

Wata sabuwar kalma ta shiga bakin manyanmu a Accra da Abuja, ita ce haidurojin. A tarurrukan makamashi ana kiranta man gobe, wadda za ta gaji fetur da gas, ta ƙone ba hayaƙi sai tururin ruwa. Mu da ke zaune a Zango da Sabonjida da Aboabo, masu auna fetur da lita a tankin babur, mun cancanci a yi mana bayani dalla-dalla, domin ranar da ake lissafin kuɗinta a wancan taro ita ce wannan da ke gasa mu a watan Maris.

Haidurojin iska ce mara launi mara wari, ita ce mafi sauƙin nauyi a cikin halittu, kuma tana cikin kowane ɗigon ruwa haɗe da oksijin. In ana son ta, sai a saki lantarki cikin ruwa ya raba su biyu. Idan lantarkin daga rana ko iska ya fito, Turawa suna kiranta koriya. Wannan ilmi ba sabo ba ne, ya haura shekara ɗari biyu. Abin da masu talla ba sa son faɗa shi ne, cikin tan miliyan casa'in da ɗoriya da duniya ke amfani da shi kowace shekara, kusan duka daga iskar gas da kwal ake fitar da shi, wato daga ainihin abin da aka ce za a guje wa. Mai tsabtar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Sai lissafi. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin lantarki wajen kilowat-awa 50 kafin ya samu, wutar da za ta juya ƙaramar fanka mai wat 50 har kwana arba'in ba tsayawa. Abin da ke cikin kilon kuwa kilowat-awa 33 ne, an riga an yi hasarar sulusi tun a ƙofar masana'anta. Daga nan a matse ta a tukwanen ƙarfe, ko a sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifili don ta zama ruwa, kowanne da nasa cin wutar. In aka mayar da ita lantarki, abin da ke dawowa hannu bai wuce sulusin abin da aka zuba ba. Batir kuwa yana mayar maka da mafi yawan abin da ka ba shi. Duk ɗan kasuwar Aboabo da aka ce ya ba da buhu uku na masara ajiya a mayar masa da ɗaya, ya san amsar da zai bayar.

To me ya sa ake rububin? Saboda Turai na da bukata. Bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, Tarayyar Turai ta tsara shigo da tan miliyan 10 na koriyar haidurojin daga waje nan da 2030. Masana'antun ƙarfe da na sinadarai na Jamus suna son mai marar hayaƙi, ƙasarsu kuwa ba ta da rana irin tamu, ba ta da fili. Gwamnatin Jamus ce ta biya kuɗin zana taswirar haidurojin ta Afirka ta Yamma, tare da cibiyar WASCAL mai hedikwata a Accra. A 2023 ƙungiyar ECOWAS ta amince da manufar samar da rabin tan miliyan a shekara nan da 2030, da tan miliyan 10 nan da 2050. A Namibiya an ƙulla yarjejeniyar kamfanin Hyphen ta kimanin dala biliyan 10 a kusa da Lüderitz, a Muritaniya ma an sa hannu kan manyan takardu. Ka duba dukkansu, fuskarsu tashar jirgin ruwa take kallo.

Mun taɓa ganin irin wannan a ƙasar nan, kuma iyayenmu na raye da za su ba da shaida. An gama madatsar Akosombo a 1965, aka tashi mutum wajen dubu 80 daga gidajensu, aka ce Ghana ta shiga zamanin haske. Babban kason wutar ya tafi masana'antar narka alminiyam ta Valco a Tema, wadda a lokacin mallakar kamfanonin Amurka ce, a farashi mai rahusa ƙwarai na shekaru masu yawa. Ruwan da ke cika tafkin daga nan arewa yake gangarowa, ta Farar Volta da Baƙar Volta, amma wayar Akosombo ba ta iso Tamale ba sai bayan fiye da shekara ashirin. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Haka kaɗanyar da mata ke tsinta da asuba ke fita ɗanya, ta dawo cikin kwalba da sunan wani kamfani. Mu jikokin fataken goro ne, waɗanda suka taka daga Kano da Katsina zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, ba za a koya mana cewa ciniki da baƙo laifi ne ba. Amma madugu ba ya sayar da guzurin ayari, kuma ba ya karɓar farashi kafin ya ga kaya.

Maganar ruwa ta fi ci mana rai. Kilo ɗaya na haidurojin yana bukatar aƙalla lita 9 na tataccen ruwa, in aka haɗa da tacewa da sanyaya injuna ya ninka haka. Masu kare shirin za su ce wannan kaɗan ne idan aka gwada da noman rani, kuma gaskiyarsu ce a bisa takarda. Sai dai a garin da ruwan da ake turowa daga Dalun bai isa jama'a ba, inda unguwanni ke yin makonni famfo bai ɗiga ba, inda yara ke tura jarkoki tun kafin makaranta, tambayar ita ce wa za a fara ja wa bututu. Masana'antar da aka zuba wa miliyoyin dala ba za a bar ta ta kwana da ƙishirwa ba. Mun san wanda za a ce ya yi haƙuri.

Za a ce muna adawa da ci gaba. Wa ya fi mu gajiya da fetur? Tamale garin babura ne da yalo-yalo, duk lokacin da sidi ya faɗi, kuɗin mai ya tashi, tukunyar gida ce ke fara ji. Wa ya fi mu sanin zafi da damina mai zuwa a makare? Mun sha dumso daga 2012 zuwa 2016, teloli da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun san abin da suka rasa. Muna son a rabu da fetur fiye da kowa. Abin da muke cewa shi ne hanya mafi kusa tana gabanmu: farantan rana da batir, kai tsaye zuwa gida da asibiti da injin niƙa. Tashar rana ta Navrongo da aka buɗe a 2013 megawat biyu da rabi ce kacal, an ƙara na Lawra da Kaleo da na Bui, duk da haka kaɗan ne ƙwarai a kan abin da ranar arewa ke iya bayarwa. Madatsar Pwalugu da aka aza harsashinta a 2019, da alƙawarin wuta da ruwan noma da tare ambaliyar Bagre, har yau ba ta tashi ba. Hukumar da ba ta cika wannan ba, ta yi mana uzuri in muka yi jinkirin tafa mata kan alƙawarin 2060.

Akwai wurin da haidurojin ke da amfani na haƙiƙa a gare mu, kuma abin mamaki shi ne ba a cika ambatonsa ba. Da haidurojin ake yin amoniya, da amoniya ake yin takin zamani. Ghana daga waje take sayo takinta, manomin masara da shinkafa a Savelugu da Tolon ya ga yadda farashin buhu ya haukace a 2022. Idan za a raba ruwa da ranar arewa, a fara da takin da zai tsaya a gonar arewa. Wannan ciniki ne da za mu zauna a tattauna.

Akwai kuma darasin Bourakébougou, wani ƙauye a Mali, arewa maso yamma da Bamako. A 1987 masu haƙa rijiyar burtsatse suka ci karo da iska maimakon ruwa, wani ya matso da taba a baki, wuta ta tashi, aka toshe ramin. Sai bayan shekaru masu yawa kamfanin ɗan kasuwar Mali Aliou Diallo ya sake buɗe shi, aka tarar haidurojin ce kusan zalla, kashi 98 cikin ɗari, tana fitowa da kanta daga ƙasa. Aka haɗa mata injin, ƙauyen ya sami lantarki. Masana daga Faransa da Amurka da Ostireliya sun bazama neman irinta tun daga nan. Abin lura a gare mu shi ne tsarin: mutanen da ke zaune a kan rijiyar su suka fara ganin haske.

Maganar tana kan takarda tukuna, shi ya sa yanzu ne lokacin magana, kafin a auna fili. Ƙasar nan ta Dagomba ce, sarakunan Dagbon ke riƙe da ita, mu baƙi ne da muka zama 'yan gida, kuma famfo ɗaya muke bi layi da su. Ya kamata sarakunan Zango da malamanmu da 'ya'yanmu da ke karatu a jami'ar UDS su tsaya tare da masu ƙasa, duk ranar da wani ya zo da taswira, a tambaye shi a bainar jama'a: kadada nawa yake so, shekara nawa, daga ina zai ɗebi ruwa a watan Afrilu, kashi nawa na wutar zai shiga layin NEDCo kafin a tura saura Tema, kuma yaranmu injiniyoyi za su zama ko masu gadin ƙofa. A rubuta amsoshin a yarjejeniya, a karanta ta a rediyo da Dagbani da Hausa kafin kowa ya sa hannu.