Jarkar ruwa-ruwa ta shiga gidan kallo, alhazai sun tsaya a ƙofa

Shekara da shekaru ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni suna sauka Kwatano, kafin rikicin iyaka na 2023 ya dagula hanya. Sun san tashar jiragen ruwa lungu-lungu, sun san kasuwar Dantokpa da filayen motocin da aka yi amfani da su. Manyan ma'aikata kuwa, masu tafiya misiyo da guzurin gwamnati, sun san otal da ɗakin taro. Amma a tambayi ɗayansu ko ya taɓa leƙa gidan nunin fasahar zamani na Zinsou, sai ya yi dariya ya ce wannan shirmen nasara ne. Wannan dariyar ba wayo ba ce. Ita ce ta kazar da ta kwana kan dami da yunwa.

Gidauniyar Zinsou ta buɗe ƙofarta a Kwatano a 2005, ƙarƙashin jagorancin Marie-Cécile Zinsou, kuma shiga kyauta ne. Har mota aka tanada mai ɗauko ƴan lakkol daga unguwanni, su kalla, a mayar da su. A 2013 ta ƙara buɗe wani gida a Ouidah. Wanda aka fara nuna aikinsa shi ne Romuald Hazoumè, ɗan ƙasar Benin. Da me yake aiki? Da jarkokin roba, irin waɗanda ake fasa-ƙwaurin man fetur da su daga Najeriya, wato kayan aikin ƴan ruwa-ruwa da kowa ya sani a bakin hanyoyin Maraɗi da Damagaram. Yakan yanke saman jarka, mariƙinta ya zama hanci, bakinta ya zama baki, sai ga fuskar mutum tana kallon mai kallo.

Wanda ya ce wannan wasan yara ne, to ya tsaya ya ji. Hazoumè ya jera irin waɗannan fuskoki 304 a ƙasa, bisa siffar jirgin ruwan da ake lodin bayi zuwa Amurka, kowace a matse kusa da ƴar'uwarta. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya mallaki aikin, ya nuna shi a 2007, shekara 200 bayan dokar Ingila ta hana fataucin bayi. Ma'anar ba ta buƙatar digiri: jiya an loda baƙar fata kamar kaya, yau talauci ya sa matashi ya ɗaure jarkoki a kan babur yana wasa da ransa tsakanin wuta da ƴan duwan. Wane jawabin minista ne ya taɓa faɗin wannan gaskiya da irin wannan ƙarfi?

Hujjoji uku ake kawowa don guje wa ƙofar. Ta farko ita ce talaka ba ruwansa da zane, cikinsa ya dame shi. Kwatano ta ƙaryata wannan. A Nuwamba 2021 Faransa ta mayar wa Benin kayan sarauta 26 da sojojinta suka kwashe daga Abomey a 1892. A Fabrairu 2022 aka baje su cikin fadar shugaban ƙasa, tare da ayyukan masu fasahar zamani 34, ba tare da an biya ko dala ba. Mutane kusan 200,000 suka yi layi cikin watanni uku, har da mata masu talla da ƴan kabu-kabu. Ashe talaka ba ƙin kallo yake ba, ƙofa ce ba a buɗe masa ba.

Hujja ta biyu ita ce babu riba a ciki. Nan kam ɗan kasuwa ya kamata ya ji kunya. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975, yana ɗinke murafan kwalabe da zaren jan ƙarfe su zama kamar ƙaton mayafi. An sha sayar da aikinsa guda fiye da dalar Amurka miliyan 1, wato sama da sefa miliyan 500. Tirela nawa ta albasa ko ta wake za ta kawo wannan kuɗi? Waɗanda suka sayi irin waɗannan ayyuka tun suna da araha, galibinsu baƙi ne. Alhajin birni kuwa yana can ya rataye hoton magudanar ruwa bugun inji a falonsa, yana ganin ya waye.

Hujja ta uku ita ce ta gumaka. Hukuncin siffanta mai rai na malamai ne, kuma su za su faɗe shi. Sai dai mai kawo wannan hujja bai shiga ya gani ba. Abdoulaye Konaté na Mali da yankakkun ƙyallayen shadda yake aiki. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda gidan Tate na Landan ya yi wa babban nuni a 2013, daga rubutun allo hannunsa ya taso. Zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, da aska takwas a wuyan riga, da zayyanar allon sauka, duk ƴan ɗaki ɗaya ne da abin da ake ratayewa a waɗancan gidaje. Wanda ya raina su ya raina hannun kakansa.

Ga inda abin ya fi ciwo. Nijar ba ta rasa hannu ba. Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Mariam Issoufou, wadda ta mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, ita aka zaɓa a 2022 ta tsara sabon gidan fasaha na Bët-bi a Senegal. Ƙasar waje na neman ƴar Nijar ta gina mata gidan kallo, alhali masu zanen Yamai sun daɗe suna dogaro da cibiyar al'adun Faransa da Nijar kafin su sami bangon rataye aikinsu. A 2024 aka sauya wa cibiyar suna zuwa Moustapha Alassane. Madalla da sunan. Amma sauya allon ƙofa ba ya sayen fenti, ba ya biyan wuta, ba ya ɗauko ƴan lakkol. Idan an ce baƙo ya janye hannunsa, wajibi ne ɗan gida ya sa nasa cikin aljihu.

Moustapha Alassane ɗin nan shi ne ya yi fim ɗin zane a 1966, inda shugaban ƙasar kwaɗi yake tafiya ziyarar aiki cikin bushe-bushe da fareti. Shekara kusan 60 bayan haka, ayarin misiyo bai daina fita ba. Abin da ake nema gare su kaɗan ne. Ma'aikacin da jama'a suka biya wa jirgi zuwa Dakar ko Lome ko Legas ya ware awa guda ya shiga gidan nuni, ya tambayi wa ke biya, wa ke shiga, yaya aka tsara. Ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa ya sayi aikin ɗan ƙasa guda ɗaya, ko ya ba da shago ɗaya cikin ashirin ɗinsa a yi masa farar ƙasa a rataye zane. Majalisun birane su ware ɗaki a Maraɗi, a Damagaram, a Tawa, a buɗe shi kyauta ranar da babu lakkol.

In ba a yi haka ba, ranar tana zuwa da jikan alhaji zai nemi biza, ya biya kuɗin shiga a Paris, don ya ga aikin da aka yi a bayan gidan kakansa.